Ordinatar da ke ɗaukar minti 9 kafin ta tashi: nazarin abin da ya faru a wata sakateriya a Tahoua

Shagon da na'urar

Shagon ƙarami ne, irin sakateriyar nan da ake buga takardu, a yi fotokopi, a sikane diflom da takardar haihuwa, a tsara katin biki ko na suna. Mai shi wata Hajiya ce da ta daɗe tana aikin sakatare kafin ta yi ritaya, sai ɗan ƙanenta da ke zaman aparanti, yaro mai kaifin kai amma da saurin hannu. Yawancin masu zuwa ɗaliban jami'ar Tahoua ne da memuwar ɗinsu cikin kile, sai masu neman aiki da dosiye, sai ƴan kasuwa masu son fakti. Ni dai maƙwabci ne, ina ɗan taɓa gyaran ordinatar a gefen aikina, kuma tun farko ba ni anka fara kira ba, sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Na'urar ta tebur ce, Dell ta hannu, irin waɗanda ke zuwa daga birori na Turai bayan sun gama da su. Processeur ɗinta, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, Core i5 zuriya ta 6, RAM, inda take riƙe aikin da ke hannu, jiga 4, diski mai juyawa na jiga 500. Windows 10 ke ciki da Faransanci, kilabiye AZERTY. Akwai amprimanti guda mai haɗe da sikana. Intanet kuwa daga wayar Hajiya ake raba shi, wato duk abin da ordinatar ta ja daga forfe ɗinta ake cirewa. Ondilar, akwatin batirin nan da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta, babu, kuran ya tahi ita ma ta mutu nan take.

Janairu zuwa Maris 2025: yadda abin ya fara

A Janairu ta fara nauyi, amma nauyin da ake iya haƙuri da shi. Hajiya kan kunna ta ta tahi ta share gaban shago ta dawo ta tarar ta shirya. Zuwa azumi, cikin Maris, sharar ba ta isa, sai an share an yayyafa ruwa an goge gilashin fotokopi tukuna, kuma ko ta tashi ka danna Word sai zoben nan shuɗi ya yi ta juyawa.

Abu uku sunka biyo baya. A kusurwar ekaran ta ƙasa wajen agogo wasu ƴan akwatuna sunka riƙa hitowa, wani ya ce an gano wirus 5 a danna nan, wani talla ce ta caca, wani kuma hoton da ba ya kyautu a gani gaban Hajiya da azumi a baki. Na biyu forfe, wanda ke kai ta sati ya koma kwana biyu ko uku. Na uku shi ne ya fi ɓata mata suna: ɗalibi ya kawo kile a buga mishi babi guda, ya koma gida ya tarar duk dosiyoyinshi sun zama rakursi, ƴan gumakan nan masu kibiya a gindi. Wata ɗaliba ta zo har shago tana kuka wai memuwar ɗinta ta wata shida ta ɓace. Ba ta ɓace ba, wirus ɗin ɓoye ta ya yi, amma wa zai gaya mata haka a ranar. Labari kuwa a wajen ɗalibai ba ya kwana, sai ga shi ana cewa kilen da ya shiga shagon Hajiya ba ya hita lafiya.

Farkon Afrilu: formatawar kasuwa

Bayan ƙaramar salla aparanti ya ɗora ta a bayan kabu-kabu ya kai wa wani mai gyara. Ya karɓi jikka 5, ya ce a dawo da yamma. Ya formate, ya zuba wani Windows da ya ce "mai sauƙi" ne, an riga an rage mishi nauyi, kuma a matsayin kyauta ya cika ta da manhajoji, Office da anka fasa, antiwirus har biyu, mai "share datti", mai "sabunta direbobi", mai sauke bidiyo, pleya uku na kallon fim, burawuza huɗu. Aparanti ya dawo shina murna, a ganinshi an yi musu arha, jikka 5 ga kaya cike da ekaran.

Kwana huɗu na farko ta yi dama. Cikin sati na biyu komai ya dawo, har da ƙari, don yanzu kowace manhaja cikin kyautar tana da nata akwatin da ke hitowa, wannan ta ce a sayi babbar sigarta, waccan ta ce direbobi 14 sun tsufa. Hotunan katunan bikin da Hajiya ta tara shekaru, waɗanda take nuna wa amare su zaɓa, sun tahi da formatawar, don mai gyaran dosiyen Documents kaɗai ya kwafe, su kuma suna kan Bureau. Rakursi ma ya dawo ranar da anka soka kilen farko.

Ƙarshen Afrilu: tsintsiyar aparanti

Nan yaron ya ce shi zai gyara da kanshi. Ya kalli wani bidiyo a waya, inda ake nuna wani sikirip, wato jerin umarni, da ake manna wa cikin PowerShell, tagar da ake rubuta wa Windows umarni, a danna sau guda ya share duk "tarkacen" Windows ya kashe hidimomin da ba a buƙata. Ya yi shi da dare bayan Hajiya ta tahi gida, ya zaɓi matakin da ya fi tsanani tunda a tunaninshi in za a yi wanka a yi da sabulu. Bai yi point de restauration ba, wato ajiyar yanayin Windows da ake komawa gare ta in abu ya ɓaci, bai ma san da shi ba.

Da safe ta tashi da ɗan sauri kam, ba a ƙi ba. Sai mai fakti na farko ya zo, aka danna a buga, shiru. Amprimanti na kunne, fitilarta kore, amma ordinatar ta ce ba ta san wata amprimanti ba. Sikana ma haka. Kalkuleta ta ɓace, mai buɗe hotuna ya ɓace, Microsoft Store da za a iya dawo da su ta cikinshi shi ma an tsige shi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Daga baya da na duba na ga abin da ya faru: sikirip ɗin ya kashe Spouleur d'impression, hidimar da ke jera takardu ta miƙa wa amprimanti, in ba ta aiki Windows ba ya buga ko layi guda, ya kuma kashe Acquisition d'image Windows wadda sikana ke bi ta kanta. Ga wanda ke wasan gem a ɗakinshi waɗannan ba komai ba ne, shi ya sa mai bidiyon bai damu ba. Ga sakateriya su ne abincin.

Kwana uku shagon ya yi fotokopi kaɗai, ga zafin Afrilu na Adar, ga kuran na ɗaukewa. Hajiya ba ta yi faɗa ba, abin da ta ce wa yaron kawai: "Kai da ba ka san abin da ka cire ba, yaya za ka maida shi?" Ya kasa amsa. Wani abokinshi ne ya taimaka ya kunna Spouleur ɗin ta cikin services.msc, inda ake kunna hidimomin Windows da kashe su, bugu ya dawo, sikana dai ta ƙi.

Mayu: kwana huɗu da Linux

Abokin nan ɗalibin anformatik ne, ya ce su rabu da Windows gaba ɗaya. Ya zo da Linux Mint, wani tsari na kyauta da ke maye gurbin Windows, a kile, sigar Xfce wadda ba ta cin RAM da yawa, ya tada na'urar daga kilen ba tare da ya taɓa diski ba, wanda dabara ce mai kyau, na yaba mishi. Ta yi sauri, talla ta ɗauke, kuma da anka soka kilen ɗalibi mai rakursi sai ga dosiyoyin gaskiya a fili, don wirus ɗin na Windows ne, a Linux ba shi da ƙafar tsayawa.

Matsalar ta zo ta wajen takardu. Ɗalibi ya tsara memuwar a Word da rubutun Times New Roman ko Calibri, Linux ba ya zuwa da su, sai ya musanya da wani, ga kuma LibreOffice, wanda ake rubutu da shi a madadin Word, da ba ya jera komai daidai da Word ɗari bisa ɗari. Wani memuwar mai shafi 86 ya hito 89, teburori sun tsallaka shafi, jerin babi-babi ya daina dacewa da lambobin shafi. An buga rabi kafin a lura, takarda da tawada sun tahi a banza. Ana iya gyara wannan, a zuba rubutun da ya dace, amma abokin ya koma karatu, Hajiya kuma ta ce ita ba ta san inda komai yake ba, ta kwashe shekaru tana danna wuri guda. Kwana huɗu anka zare kilen.

Yuni, bayan sallar layya: awo kafin a taɓa komai

Ta aiko yaron ya kira ni. Na ce "Hajiya, yau ba zan gyara komai ba, kallo kawai na zo yi." Ta ce "Malam, kallon ma ai an daɗe ba a yi mata ba, kowa zuwa yake da wuƙa."

Na sa yaron ya ɗauko kaye da biro, ya riƙe agogon waya. Daga danna maɓalli zuwa lokacin da Word ya buɗe har ana iya rubutu: minti 9 da daƙiƙa 20. Munka buɗe Gestionnaire des tâches, inda Windows ke nuna abin da ke cin ƙarfin na'ura. Processeur na hutawa abinshi, bai wuce kashi 20 ba. RAM ta kusa cika, 3,5 cikin 4, ba a buɗe komai ba. Diski kuwa 100%, ja wur, ya ƙi sauka har kusan rabin awa. A shafin Démarrage munka ƙirga abubuwa 23 da ke tashi tare da Windows, yaron ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya, da ya kai na goma sha wani abu ya ɗago kai ya ce wallahi bai san rabinsu ba.

Antiwirus biyun nan kowanne na duba duk fishiyen da anka taɓa, kuma kowanne na duba abin da ɗayan ke dubawa, duk a kan diski guda mai allura guda. Da RAM ta cika Windows sai ya riƙa ajiye rarar a diskin, nauyi kan nauyi. Kuma da zarar an sa wani antiwirus, na Windows ɗin kanshi, Defender, janyewa yake ya bar mishi fili. Da na leƙa na tarar an ma sa wani dosiye cikin jerin waɗanda aka ce kar a duba, dosiyen abin da ke fasa lasisi. Wato an buɗe ƙofa an kuma gaya wa mai gadi kar ya kalli wajen.

Akwatunan "an gano wirus" ba wirus ba ne ko kaɗan. Shafukan intanet ne da wani ya danna musu Autoriser lokacin da sunka nemi izinin turo sanarwa, galibi wajen neman sauke fim ko waƙa. Munka tarar da shafi 17 a jerin. Wirus na gaskiya shi shiru yake: da Autoruns, wata ƴar manhaja ta kyauta daga Microsoft mai nuna duk abin da ke tashi da kanshi, munka ga wani fishiye mai ƙarewa da .vbs kwance cikin dosiyen wucin gadi, wscript na tada shi kullum. Shi ne mai jiran kile, ya ɓoye dosiyoyi ya ajiye rakursi a madadinsu, wanda ya danna rakursin a wata na'ura ita ma ta kamu.

Sai diski. CrystalDiskInfo, mai duba lafiyar diski, ya nuna launin rawaya da kalmar Prudence, akwai wuraren da sunka lalace diskin ya riga ya ƙaura musu. Shekaru da mutuwar farat ɗaya duk lokacin da kuran ya tahi sun yi aikinsu. Da munka buɗe murfi kuma, ƙurar hunturu ta yi kamar bargo a kan fanka, sai da munka hitar da ita waje munka hure.

A ranar na nuna wa yaron abu guda da ya biya kuɗin shayina. Kilen da ya kamu, a buɗe cmd, baƙar tagar nan ta rubuta umarni, a rubuta attrib -h -r -s /s /d sannan harafin kilen da *.* a bayanshi, duk abin da anka ɓoye sai ya bayyana, a goge rakursin da fishiyen .vbs ɗin. Ya gwada a kilenshi, waƙoƙinshi da ya yi wa ta'aziyya tun Maris sunka hito, ya yi ta dariya shi kaɗai.

Sati na uku na Yuni: sabuwar zubawa

Na gaya wa Hajiya gaskiya, wannan Windows ɗin ba ya gyaruwa, ba mu san abin da mai rage mishi nauyi ya cire ba ko abin da ya ƙara, ga kuma ɓarnar sikirip a kai. Sai dai a sake daga tushe. Ta yarda ta sayi SSD, sabon irin diski mara juyawa da ya fi sauri, na jiga 256 da ƙarin RAM jiga 4. Ondilar ta ce sai wata mai zuwa.

Munka fara da kwafe komai, Documents, Bureau, Téléchargements, Images, har da abin da ke cikin kwandon shara, zuwa wani diski na waje, ta hanyar kilen Linux ɗin nan don kar wirus ya bi mu. Windows ɗin kuwa daga shafin Microsoft na sauko da shi da Media Creation Tool, siga 22H2 wadda ita ce ta ƙarshe a Windows 10, ana buƙatar kile na aƙalla jiga 8, kuma na yi shi a inda ke da wifi don ya fi ƙarfin forfen waya.

Wajen zubawa na cire intanet gaba ɗaya. In babu intanet Windows 10 na barinka ka zaɓi "Je n'ai pas Internet" ka ci gaba da kwanti na cikin na'ura ba sai da imel ba. Shafukan da ke tambayar wurin da kake, lambar talla, da sauran bayanai, duk munka ce a'a. Abin mamakin ya zo da munka haɗa intanet: Windows ya nuna "activé" da kanshi, ba mu sa kowace lamba ba. Irin waɗannan na'urorin na biro da yawansu lasisin na rubuce cikin allon uwa tun daga masana'anta. Ashe duk wannan lokacin ana fasa ƙofar gidan da makullinshi ke aljihu.

Munka bar shi ya gama mizajur ɗinshi, wato sabuntawar da yake ja daga Microsoft, har ya ce babu saura, munka sa direban amprimanti daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, direban kawai, ba kunshin nan mai ɗauke da ƙarin manhajoji biyar ba. Aka gwada bugu, aka gwada sikana, duka sun yi. Nan munka yi point de restauration na farko, sannan munka fara cirewa.

Dokar da na kafa wa yaron: abu guda a lokaci guda, ta cikin Paramètres sannan Applications, a rubuta sunanshi a kaye, kuma duk wanda ba mu san aikinshi ba a bar shi. Munka cire kayan Xbox da ke ciruwa, Solitaire, Skype, Paint 3D, mai kallon 3D, OneDrive tunda ba a amfani da shi kuma yana iya jan forfe. Munka kashe labarai da yanayin samaniya da ke zaune kusa da agogo. Munka bar Store, kalkuleta, mai buɗe hotuna, da Edge, shi wannan ko ba ka so ka rabu da shi, wasu sassan Windows na jingina da shi. Cikin services.msc ba mu taɓa ko guda ba. Bayan kowane rukuni sai a sake kunnawa, a buga shafi guda, a sikane guda.

Yaron ya auna kafin cirewar da bayanta, ya ga bambancin bai kai daƙiƙa biyu ba, ya ɗan ji haushi. Na ce mishi ai haka ne, yawancin waɗannan kwance suke, ba su cin komai sai an buɗe su, cire su don ido ya huta ne da kuma kar mai jiran fotokopi ya zauna buga kati.

Abin da ya fi cirewar amfani shi ne ƴan saituttukan da sunka biyo baya. Wifin wayar Hajiya munka sa mishi Connexion limitée, Windows ya san intanet ɗin na awo ne ya daina jan manyan kaya yadda ya ga dama. Munka kashe rabon mizajur da wasu na'urori a Optimisation de la distribution. Munka kashe Exécution automatique don kile ya daina buɗe kanshi, munka sa a riƙa nuna ƙarshen sunan kowane fishiye da kuma ɓoyayyun dosiyoyi, ta yadda .vbs ko .exe ba zai yi shigar burtu ba. A burawuza munka hana shafuka neman izinin sanarwa kwata-kwata. Antiwirus kuma Defender kaɗai, shi ya zo da gidan.

Sai wanda yaron bai so ba: kwanti biyu. Na administrateur mai modapas, Hajiya kaɗai ta san shi, na biyu na yau da kullum wanda ake aiki da shi, ba ya iya zuba manhaja sai an nemi modapas ɗin. Ya ce "Inna, ai kamar ba a yarda da ni ba ke nan." Ta ce "Ɗana, na yarda da kai, hannunka ne ban yarda da shi ba."

Manhajojin da anka zuba bakwai ne: LibreOffice, mai karanta PDF, VLC, 7-Zip, Firefox, na sikana, da ƙaramin mai rage girman hoto don dosiyoyin da ake turawa ta intanet. LibreOffice a kan Windows ya fi zama daidai fiye da yadda ya yi a Linux, tunda Times New Roman da Calibri na nan, amma duk da haka Hajiya ta manna takarda a bango: mai son a buga memuwar ya kawo shi PDF. Don masu kawo rubutun Hausa, munka ajiye ɓ, ɗ, ƙ, ƴ cikin zaɓaɓɓun Caractères spéciaux, ba sai an yi ta nema ba. A ƙarshe munka ɗauki hoton tsarin gaba ɗaya munka ajiye a diskin waje, in wani abu ya faru a maida shi cikin awa guda ba sai an je kasuwa ba.

Awon ranar ƙarshe: daƙiƙa 40 daga maɓalli zuwa rubutu. Abubuwa 3 a Démarrage. RAM wajen 2,5 cikin 8.

Yuli zuwa Oktoba

Ondilar ta zo a Yuli, daidai lokacin da damina ke kawo iska da ɗaukewar kuran. Forfe ya koma kai sati. Mizajur ana yin ta sau ɗaya a wata, yaron na ɗaukar na'urar zuwa inda ke da wifi bayan Talata ta biyu ta wata, ranar da Microsoft ke sakin gyare-gyarenta. Sau shida, bisa ga kayen, Defender ya kama wirus ɗin rakursi a kilen masu zuwa, yaron ya hito musu da dosiyoyinsu da attrib, har ya fara karɓar dala 20 a kai, sana'a ta samu.

An yi tuntuɓe guda a Agusta. Wani ya kawo bidiyon biki a wani tsari, yaron ya lallaɓa Hajiya ta sa modapas ya sauko da mai juya bidiyo daga shafin farko da ya gani, ya yi ta danna Suivant ba karatu, sai ga baƙon burawuza da sabon shafin bincike. Da yake an rubuta abin da anka sa da ranar, cire shi bai ɗauki minti goma ba, AdwCleaner, mai share manhajojin talla, ya kwashe sauran. Katunan biki na da dai ba su dawo ba, waɗanda anka samu a wayoyin tsofaffin kwastomomi kaɗai anka sake tarawa. Ɗalibai biyu ko uku sun tahi wani shago saboda maganar PDF.

Abin da na gani bayan an gama

In an raba nasarar, kaso mafi girma na SSD ne da RAM, wannan ba zan ɓoye ba, ko Windows mai tsabta ka zuba a wancan diskin mai rawaya zai yi ta jan ƙafa. Amma da SSD kaɗai anka saya anka kwafe tsohon tsarin a kai, da ta yi sauri tana ci gaba da lalata kilen ɗalibai da cin forfe, kuma wannan ne ke korar kwastoma, ba minti 9 ba. Formatawar Afrilu ta faɗi ne don ita ce ta shigo da tarkacen da kanta, daga Windows ɗin da ba a san wanda ya taɓa shi ba har kyautar manhajoji. Sikirip ɗin yaron ya faɗi don ya yi yaƙi da abin da ba shi ke da laihi ba, kayan da Windows ke zuwa da su, ya bar abubuwa 23 na Démarrage da wirus suna zaune, ya kuma cire abu ɗari lokaci guda ta yadda babu mai iya cewa wanne ne ya kashe me. Linux bai faɗi ba a ganina, kwana huɗu ne ba su isa ba, kuma babu wanda zai zauna da su ya koya musu.

Akwai sauran rina a kaba. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kyauta da ta saba. Windows 11 na neman TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro a cikin na'ura, da processeur galibi daga zuriya ta 8 zuwa sama, ta Hajiya kuwa ta 6 ce. Ana iya tsallake shingen da Rufus, manhajar da ke shirya kilen zuba Windows, a zuba shi da ƙarfi, amma Microsoft ta faɗa ba ta lamunce wa irin waɗannan na'urori mizajur ba. Akwai kuma tsarin ƙarin shekara guda zuwa 13 ga Oktoba 2026, shi kuma sai da kwanti na Microsoft, wanda munka kauce wa tun a zubawa. Na jera mata ukun, har da komawa Linux a tsanake da wata guda na koyo. Ta ce a bari a gama sutunansi tukuna, yanzu shago cike yake. Yaron dai na ga ya ajiye kilen Mint ɗin a aljihun tebur, ya rubuta mishi suna da jan biro.